Tsakuwa a Faifaina

A shekarun da arzikin mai ya buɗe, maigidana ne shugaban leburori a rumbun takin zamani na Faskari. Har sabon babur ya saya. Ni kuwa ina gida, sai dai kunnena ba ya zama.

Da rani ƙaninsa ya zo daga jami'a. Aikin da zai ba shi takardar gamawa, wai sai ya auna yadda ma'aikata ke jin daɗin shugabansu. Na ce, "Kai ɗan boko, da tiya ake auna zuciya ko da mudu?" Ya ce, "Matar Yaya, ke dai dama mana fura."

A zaurenmu ya tara leburorin yayan nasa, mutanen Sheme da na gari. To, wane maigida ne zai bar baƙi a zaurensa ya shige ciki? Malam ya shimfiɗa buzu, ya zauna yana raba goro. Ina bayan katanga ina ji. Duk wanda aka tambaya sai ya ce, "Alhamdulillahi, ba mu da kuka." Na ji daɗi har na ƙara man shanu a miya.

Yaron kuwa ko tuwon bai taɓa ba. Ya ce in amsar kowa iri ɗaya ce, ba abin da ya auna, malamansa za su maido masa aikin, shekara ta tafi.

Ni da bakina na ba shi shawara. Na ce ya kai tulu bayan rumbun hatsinmu inda ba ido, kowa ya je shi kaɗai. Mai jin daɗi ya jefa wake, na tsaka-tsaki gujjiya, wanda ransa ke ɓace tsakuwa. Na ɗauka wake zan tara har na yi alala.

Da suka watse ya kawo mini tulun, tunda tsinta aikina ne. Tun kafin in juye na ji ƙarar. Wake ba ya kuka haka a cikin tulu.

Na zuba a faifai. Tsakuwa ce, sai 'yar gujjiya nan da can. Waken bai cika tafin hannu ba. Mutanen nan matansu ne ke zuwa mini barka, su kira ni Hajiya tun ban je Makka ba. Ashe da wannan suke shigowa gidana, suna murmushi.

Buhun wakenmu na jingine kusa da gwiwata. Na dube shi, yaron ya dube ni. Ban ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Na ware kowanne gefe guda, na tura masa faifan.

Malam ya leƙo yana gyara hula. "To, an gama awon?"

Ƙaninsa ya ce, "An gama, Yaya. Wannan karon za su karɓa."

"Madalla. Ai na gaya maka mutanena ne."

Na sunkuya ina hura wutar da take ci sarai. Yaron ya sami takardarsa. Ni kuma da aka yi suna gidan wani lebura a Sheme, turmin atamfa na aika, na ce kaina ke ciwo.