Malam Nouhou Maƙeri da Fikafikai Ɗari da Sittin

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata 14 ga Maris, 1989, cikin watan Sha'aban, Malam Nouhou Salifou ya rasu a wani asibiti a Paris bayan jinyar ƙirji ta wata biyu, yana da shekara hamsin da huɗu. Ni Moutari, na yi aiki tare da shi shekara uku a wata masana'antar zubin ƙarfe da ke bayan garin Lyon. Shekara biyar ke nan 'yan Nijar na nan suna cewa zafin kai ne ya raba shi da aikinsa. Wannan magana nake son in gyara.

Malam, kai ɗan maƙeran farfaru ne na Damagaram. Kana yaro ka koyi yadda ake siffanta munduwa da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da ka zo Faransa sai ka tarar da sana'ar gidanku tana jiranka cikin luzin, wato masana'antar nan. Fikafikan cikin injin jirgin sama muke zubawa, kowanne bai fi tafin hannu ba. Wutar da suke juyawa a cikinta tana iya narkar da su, don haka ake yin su da rami a ciki, iska ta riƙa ratsawa tana sanyaya su. Kafin a zuba kaki sai an sa wani siririn farin yumɓu a tsakiya, wanda ake narkarwa daga baya ya bar ramin. In yumɓun nan ya goce ko da kaurin gashi ne, bango ɗaya zai yi siriri, wata rana ya tsage jirgi na sama. Kakan ce wa Turawan, cikin Faransancinka na Birnin Damagaram, kakanka ya riga injiniyoyinsu sanin wannan aiki, gilashin ido kawai suka fi shi.

Sa'ad da na gama karatu a Villeurbanne aka ɗauke ni sashen awo, ban san kowa ba. Kai ka samo mini ɗaki a Vaulx-en-Velin, ka ara mini rigar sanyi wadda hannunta ya wuce yatsuna. Kowace Lahadi Hajiya Sahadatou, mai ɗakinka, tana tuƙa tuwon semoule, wato tsakin alkama, ta ce a kira “mai diploma”. Kai kuwa ba ka gajiya da tsokanata: “Moutari, na'urarka ta yi sallah yau?” Ba ka iya rubutu sosai ba, amma in ka ɗaga fiffiken kaki ga hasken taga, kakan ga abin da ni sai na yi rabin awa ina aunawa.

Ranar Alhamis ɗin nan ta Oktoban 1984, matata Halimatou za ta sauka daga Yamai karon farko. An kawo mini fikafikan kaki ɗari da sittin in auna in sa hannu. Na dubi agogo, na dubi tiren, na sa hannu cewa lafiya lau suke, na ruga filin jirgi. Ka ga fitata. Da la'asar suka iso teburinka. Ka ɗaga na farko ga taga, ka ɗaga na biyu, har na goma, duka yumɓun ya karkata gefe guda.

Dokar luzin ita ce a liƙa jar takarda, a ajiye kayan, a kira masu bincike. Dokar gidanku kuwa daban ce: maƙeri ba ya barin mugun aiki ya kwana, da hannunsa yake fasa shi nan take, kada wani ya ɗauka bisa kuskure ya kai kasuwa. Ta gidanku ka bi. Ka karya su ɗaya bayan ɗaya, ka watsa cikin tukunyar kaki. Da haka ka hana su shiga jirgi, da haka kuma ka narkar da shaidarka da hannunka.

Washegari shugaban sashe, Monsieur François, ya kira mu ofis. Takardata tana gabansa. Ya tambaye ka dalili, ka ce, “Ba su da kyau.” Ya juyo gare ni ya ce, “Ka auna su?” Takardar zaman Halimatou tana rataye da aikina, kwananta ɗaya a ƙasar. Na ce, “Na auna.”

Ka dube ni sau ɗaya, sannan ka dubi bango. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa a tambayi mai gadin ƙofa lokacin da na fita. Ba ka faɗe ta ba. A maƙera, in ji ku, laifin da aka yi a gaban wuta na babba ne, ba a miƙa ƙarami ga baƙo. Kafin azahar an karɓi rigar aikinka.

Daga nan ka kwashi iyali zuwa Paris. Alhaji Mounkaila, ɗan kasuwar nan na Belleville, ya ba ka kusurwa a shagonsa kana gyaran sarƙa da 'yan kunne. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu yana zubin kayan jirgi ya koma liƙa maɗaurin agogo. Mutane suka ce ai dama Nouhou akwai zuciya, ka ji, ba ka tanka ba. Ni ma na ji, na yi shiru, kuma nawa shirun ba irin naka ba ne. Tsoro ne, ba shi da wani suna.

Bara na zo shagon da niyyar in yi magana. Na yi gaisuwa, na tambayi iyali, na sake tambayar iyali, bakina ya ƙi. Ka zuba mini shayi ka ce, “Yanzu kana aunawa?” Na ce, “Kowane ɗaya, Malam.” Ka ce, “To, madalla. Sha, kada ya huce.” Ban ƙara ganinka ba sai a makara.

Allah Ya jiƙanka, Malam Nouhou, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka. Yadda ka rufa asirin wani, Allah Ya rufa naka ranar da ba mai rufawa sai Shi. Ya ba 'yan'uwanka na Damagaram da jama'armu ta Lyon da Paris haƙurin rashinka.

Hajiya Sahadatou, da ku 'ya'yansa, Hassia da Turai, ina yi muku gaisuwa, Allah Ya ba ku dangana. Na aika wa Monsieur François wannan bayani da Faransanci, da sa hannuna, abin da zai biyo baya na karɓa. Mijinki bai yi hauka ba, Hajiya. Mahaifinku bai ɓata kayan kowa ba. Fikafikan nan ba su da kyau, kamar yadda ya faɗa. Shekara uku na ci tuwon gidanku, kuma ni na jawo kuka bar Lyon. Ban nemi gafararsa ba yana da rai. Taku nake nema, in za ku iya.