Tsuntsayen teku a bayan garka

Shekarun baya, lokacin ɗana na fari bai daɗe da fara tafiya ba, muna zaune a bakin garin Arlit, kusa da garake, inda ake noman kayan lambu. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Assamakka, in ya tafi sai mun gan shi.

Wata safiya na je garka da ɗana sayen ganyen salati. Ina cikin zaɓe na waiwaya, sai ga yaro durƙushe a bakin tafkin da ke bayan garka, yana ɗiban ruwa da tafin hannu yana sha. Ruwan kore shar, ga wari. Wanda ya zauna garin nan ya san yadda muke da ruwa, kowa da abin da ya ji an ce game da ƙasar yuraniyom da ake haƙa, wai dafinta na shiga ruwa. Na fizge shi, na sa yatsa a bakinsa don ya yi amai, ya ƙi.

Maƙwabciyata ta ce, “Irin wannan ba ya nunawa da wuri, sai ya gama cin cikin yaro.” Da wannan maganar na kwana. Likita kuwa na kasa zuwa. Tsoro nake su duba shi su faɗa mini abin da ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba.

Washegari na koma in ƙara ganin ruwan. Nan na tarar da wasu tsuntsaye da ban taɓa gani ba, ko a Damagaram garinmu. Ba balbela ba, ba shamuwa ba. Ciki fari, baya baƙi, ƙafafu jajaye sirara kamar tsinken tsintsiya. Suna takawa cikin ruwan a hankali, suna tsoma baki.

Sai wayona ya ba ni shawara. Ga masu shan ruwan nan dare da rana, jikinsu bai kai rabin na ɗana ba. In dafi ne, su zai fara kayarwa. Muddin suna tsaye, yarona lafiya.

Haka na mai da shi aiki. Kullum in na gama shara sai in goya shi mu tafi. Ina duba ko wani ya saki fiffike, ko ya kwanta. In na gan su garau, ranar sai in iya cin abinci. Yaro ya fara ɗan zawo ma, na ce haƙori ne, ai tsuntsaye na nan.

Ran nan na zo, tafki wayam. Na zagaya cikin ciyawa ina neman gawa. Mai garkar, wani tsoho mutumin Abzin, ya ajiye fartanya. Shi kowa “kai” ne a bakinsa.

“Ɗiyata, me ka yar?”

Na ce, “Baba, tsuntsayen nan mutuwa suka yi?”

“Tafiya suka yi. Baƙi ne, hutawa suke.”

Na kwashe labari na faɗa masa. Ya gyara rawaninsa, na ga kafaɗunsa na motsi don dariya.

“Da ƙuruciya na yi yaron mota zuwa Kwatano,” in ji shi. “Can na san su, bakin teku. Ruwan gishiri suke shiga, da taɓo, da duk ƙazantar gari. Wanda ruwan teku bai kashe ba, shi ka ɗauka lokotoron ɗanka? Tashi ka kai yaro likita yanzu.”

Ko gida ban biya ba. Malamar likita ta yi mini faɗan da na cancanta, ta duba shi sosai, ta ce tsutsar ciki ce daga ruwan datti. Ta ba mu siro, maganin tsutsa na ruwa, da gishirin zawo. Kafin maigidana ya dawo, yaro ya koma ɓarnarsa.

Yau yana karatu a lakwal, har ya kai mini kafaɗa. Ni kuwa tsoro bai bar ni ba, halina ne. Sai dai yanzu in ya kama ni, mayafi nake ɗauka in nufi wanda zai iya ba ni amsa, ko da amsar ba za ta yi daɗi ba.

Bara da sanyi tsuntsayen suka sake sauka. Na je na zauna bakin tafkin, ba na jiran kowa ya mutu. Sai ranar na lura ashe kyau gare su.