Uwar da ba ta kiran sunan ’yarta

Ku yi haƙuri na dame ku, farin ciki ne ya hana ni yin shiru.

Jiya a ƙungiyarmu ta tallafa wa iyalai a unguwar Guillotière, ma’aikaciyar kare yara ta tambayi wata uwa, Hajiya Rabi, a gaban ’yarta: “Me ya sa ba kya kiran sunan ’yarki?” Makaranta ce ta kai ƙara, har ana zancen raba su.

Na fara bayanin kunyar ’yar fari, sai yarinyar ta katse ni, ta ce wa ma’aikaciyar: “Madam, ba ta kiran sunana, amma cinyar kaza kullum tawa ce.”

Madam ta yi dariya, ta rufe dosiye, wato fayil ɗin ƙarar. Alhamdulillahi.

Ta roƙe ni in koya wa abokan aikinta al’adunmu ranar Litinin. Da wacce zan fara? Don Allah ku amsa mini da wuri.