Turancin da Na Kai Kasuwar Dungas

Maigidana tela ne, shi kaɗai ke da keken ɗinki a ƙauyenmu, tafiyar hantsi daga Dungas. Lokacin Faransawa ke mulkinmu, Ingilishi kuma suna ƙetaren iyaka, inda rabin danginmu suke. Ni ina soya ƙuli-ƙuli, ina matsar man gyaɗa ina kaiwa kasuwa. 'Yarmu ɗaya, ba a daɗe da yaye ta ba. Lafiya lau muke zaune, sai a wata shekara bayan an cire amfanin gona mutumin nan ya tsiri Turancin Ingilishi.

Ba a fili yake yi ba. Sai ya hau keke a rumfarsa ta ƙofar gida, ƙarar keken ta cika wuri, sannan bakinsa ya fara motsi. Amma zare yana tsinkewa, keke ya tsaya, shi kuwa bakin bai san an tsaya ba. Ta haka na fara tsintar maganar ta bayan zana, ina suyata. Ban iya karatu ba, amma Allah ya ba ni kunne. Waƙar da na ji sau biyu a gidan biki ta zama tawa.

Na zauna na yi wa abin tunani, bai yi mini daɗi ba. Wanda ke neman shiga wurin Kumandan, Baturen mulki a Magarya, Faransanci zai koya. Turancin Ingilishi ba ya sayen ko allura a wannan gefen. Amfaninsa ɗaya ne, mutum ya tsallaka. Ni kuwa na san tsallakawa. Ina shekara bakwai babana ya ce zai je can ya sayar da jaki, lokacin ana kamun mutane aikin dole, har innata ta bar duniya tana jiran kuɗin jakin. Tun daga nan ba na yarda da namijin da ya fara kallon kudu.

Na tambaye shi sau ɗaya, ina miƙa masa fura.

“Maigida, wannan sabon yaren fa?”

“Sha'anin kasuwa ne,” in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

Sha'anin kasuwa. Kamar yadi yana jin Turanci.

Daga nan na sa masa ido, kuma duk abin da na gani sai ya ƙara mini zargi. Ya ɗauke tabarmarsa ya koma ɗayan ɗakin, wai zafi. Amma a zafin nan yake sa riga mai dogon hannu. Ya daina alwala a ƙofar gida tare da maƙwabta, sai ya zaga bayan rumbu. Ya ware ƙwaryarsa ta shan fura. Wanda ya fi ƙona mini rai, 'yarmu za ta rugo ta kama ƙafarsa, mutumin da da yake ɗora ta a wuya, sai ya ce in zo in ɗauke ta. Wata rana ya jingina damtsensa da dutsen guga mai wuta har rigar ta yi ƙauri, ni ce na yi ihu kafin ya janye. Na ce a raina, gangar jikin ce kawai a nan, zuciyar ta riga ta isa Kano. Yana yaye kansa daga gare mu ne a hankali, don ranar tafiya kada ta yi masa wuya.

Ina ta sauraro har na gane yadda maganar take tafiya, ko da ban san ma'anarta ba. Kan maganar ɗaya ne, wutsiyar yake canzawa, yadda yake yanka riguna goma da awo ɗaya. Zai ce “ai haf”, ya ɗora wani abu, ya dawo ya ce “ai haf”, ya ɗora wani. Akwai masu farawa da “ai kanot”. Akwai masu farawa da “filis du not”, waɗannan muryarsa takan yi ƙasa a kansu kamar mai roƙo. Akwai kuma guda ɗaya da ƙarshenta ke ɗagawa sama, na san tambaya ce, ita ya fi maimaitawa. A ƙarshe guda huɗu ya tsayar, kullum a jere ɗaya. Na haddace su tas ina dakan gyaɗa.

A kasuwar Dungas akwai wani tsohon soja mai sayar da goro, wanda ya yi wa Ingilishi yaƙi ya dawo da Turanci a bakinsa. Na ce zan kai masa maganar nan ya warware mini. In neman aiki ne mijina yake shirin yi a can, in neman gida ne, gara in sani tun da wuri in tara masa dangi. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne, ƙarar bindiga ta taɓa kunnen tsohon, kuma wanda ba ya ji sosai ba ya magana a hankali.

Kasuwa ta cika na aje tulun maina na durƙusa gabansa. Mutum biyar ko shida suna zaɓen goro, har da wani mahauci ɗan ƙauyenmu.

“Baba Soja, wata magana na kawo ka fassara mini. Maigidana ke yin ta.”

“Wa?”

“Maigidana!”

“Af, tela! To faɗi mu ji, 'yata.”

Na faɗi ta farko a hankali, ya kama kunne ya ce in ɗaga murya. Na ɗaga. Masu goro suka fashe da dariya, ga mai ƙuli-ƙuli tana Turanci. In faɗi gaskiya, har wani daɗi na ji.

“Ya ce, ina da tabo a hannuna!” in ji tsohon, da muryar da za a ji a layin masu dabbobi.

Na faɗi ta biyu.

“Ba na jin komai a wurin!”

Dariyar ta ragu. Da ina da hankali da a nan na tashi. Amma ni kalmar tafiya nake jira, ban ji ta ba tukuna, sai na zuba ta uku.

“Don Allah kada ka gaya wa mutanena.”

Wannan karon tsohon ya sassauta murya da kansa, yana kallona. Ni kuwa bakina ya riga ya saba da jerin, ta huɗu ta fito ban shirya ba. Wani ya ce, me ta ce? Tsohon ya sunkuyar da kai.

“Tambaya yake yi, ko 'yarsa za ta ɗauka.”

Sai wata tsohuwa a bayana ta ce, “Wayyo, kuturta ce.” Matar da ta sayi mai a wurina da safe tana tsaye a wurin, na ga ta kalli kwalbar da ke hannunta. Da na waiga, mahaucin ƙauyenmu ya riga ya tafi.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da maigidana zaune gefen keke, igiyar da yake rataye ɗinkin mutane babu komai a kanta. Kowa ya aiko an karɓi yadinsa, har wanda aka yanka ba a haɗa ba. Na tsaya a bakin rumfa. Da ya zage ni da na ji sauƙi, amma bai zage ni ba. Cikin natsuwa ya yi mini bayani, kamar yana gaya wa mai kaya yadda za a yi wa riga aiki.

Akwai asibitin mishan a ƙetare, inda ake ba masu ciwon magani. Tafintan likitan surukin wani ɗan'uwan maigidana ne, duk abin da ya shiga kunnensa kafin mako ya zo Magarya. Shi ya sa ya so ya yi wa Baturen magana da bakinsa. Ko wajen koyon ma bai yarda da kowa ba. Wani direban kamyo mai kwasar gyaɗa ya tambaya yadda ake cewa ina da doki, ba na iya hawan doki, kada ka gaya wa mai doki. Sunan hannu ya samo wurin wani ɗan kamasho, sunan tabo wurin wani, sunan 'ya wurin wani. Wata huɗu yana tsinta yana haɗawa, kowa da ɗan guntunsa, ba wanda ya riƙe maganar gaba ɗaya.

“Sai ke,” ya ce.

Na ce, “Maigida, na ɗauka tafiya za ka yi ka bar mu.”

“Niyyata in riƙa zuwa kamar mai saro yadi, in karɓo magani in dawo. Ba wanda zai sani. Don in zauna da ku na koya.”

Na yi kuka har na rasa hawaye, kuma har yau da tsufana in na tuna ranar nan kunya da baƙin ciki suke rufe ni. Ba cutar na sa masa ba, na sani. Amma zamansa a garin, ni na ƙwace masa.

Ba a kore shi da baki ba. Sai dai a masallaci aka riƙa barin fili a gefensa, a rijiya mata suka daina ba ni aron guga, ƙuli-ƙulina ya yi kwana uku a faranti. Rana ta huɗu da hantsi ya rufe keken da tsohon zane, ya ɗaura ƙunshinsa. Na ce zan bi shi, ya ce yarinyar fa. 'Yarmu ta rugo ta kama ƙafarsa. Ya tsaya, hannayensa biyu a baya, yana kallon kanta har na zo na ɓamɓare ta. Shekara tara ya yi a asibitin mishan ɗin, a can kuma aka binne shi.