Rufin Ɗakin Dada

Shekara tara ke nan da na san Hajo, tun muna ɗalibai a wani gidan haya a unguwar Selly Oak ta Birmingham, can Ingila, mu biyar muna rabon kicin ɗaya. A wancan lokacin in ka tambaye ta 'yar ina ce, sai ta ce "Taraba" kawai. In ka matsa mata, ta ce "wajen Gembu." Sai da muka shekara biyu tare na ji sunan garin daga bakinta: Hore Gudi, wani ƙauye a ƙolin tsaunin Mambila, inda mota ba ta kaiwa, sai dai a sauka a bakin rafi a hau da ƙafa.

Laifin wannan ɓoyo namu ne, don mu Kanawa ba mu iya bakinmu ba. Ranar da ta faɗa, ni ce na fara cewa, "Ashe ke 'yar kan dutse ce! Shi ya sa ba kya jin sanyi." Ba ta kuwa jin sanyin. Mu muna naɗe cikin rigar sanyi uku muna tsine wa iskar Bristol Road, ita tana tafe da mayafi ɗaya tana cewa wannan ai iskar gida ce. Muka laƙaba mata Hajon Sama. Sunan ya bi ta har unguwar Sparkbrook, inda yanzu muke maƙwabtaka, ita tana aikin gwajin jini a asibiti, ni ina koyarwa.

Duk tsokanarmu tana shanyewa, amma akwai abu ɗaya da ba a yi mata wasa da shi, wato ruwan sama. Da an fara yayyafi za ka ga ta ɗaga kai tana duban silin, ko a gidan wa take. Daga baya ta ba ni dalili. A ɗakin jinka ta tashi, ɗakin mahaifiyarta da suke kira Dada, kuma a garinsu damina kusan wata takwas take yi. Tun tana 'yar shekara shida aikinta shi ne jera tasa da bokiti a ƙarƙashin wuraren da ke yoyo. Wuri bakwai ne, ta san kowanne ko idonta a rufe yake. Ranar da za ta baro gida ta yi wa kanta alkawarin sai ta rufa wa Dada ɗakin nan da kwano.

Ba rashin hali ya hana ta ba, hanya ce. An taɓa gwada hawa da fallen kwano a ka ta wannan siririyar turba, iska ta fizge shi ta yi kwari da shi, saura ƙiris ta haɗa da mai ɗaukar. Tun daga nan ba wanda ya sake yarda.

Sai ga titi ya iso, shekara biyu da suka wuce. Jama'a, ku zo ku ga Hajo! Kullum da sabon labari. Yau an kafa ƙarfen sabis na waya, gobe an buɗe kemis, jibi 'yan acaɓa sun yi tasha a gindin bishiyar da suke wasa suna yara. Mutanen Jalingo da na Abuja suka fara hawowa suna sayen filaye, wani har ya fara gina masaukin baƙi mai bene. Ita kuwa Hajo ba ta tsaya wata-wata ba, ta sa ƙanenta Nazir ya sayo kwano da katako da ƙusa, babbar mota ta sauke su har ƙofar gida. Aka jingine su a bayan ɗaki, aka sa rana da kafinta kafin ruwan farko.

Ana cikin haka muka je wani suna a wani zaure da ke Stratford Road. Mata ana ta cin waina da sinasir, sai wata ta miƙo waya tana cewa, "Ku ga wani waje, wai a Nijeriya ne." Wasu matasa masu yawon buɗe ido ne suka ɗauki bidiyon daga sama a ƙarshen damina. Tuddai kore shar, gajimare a ƙasa da su, shanu suna kiwo, ga wani ɗakin jinka shi kaɗai a bakin gangare, wata tsohuwa a ƙofa riƙe da ƙwarya. Mutum sama da miliyan sun riga sun kalla.

Hajo ta leƙa, sai ta kurma ihu har cokali ya faɗi daga hannunta.

"Dada ce! Wallahi Dada ce! Ɗakinmu ne!"

Matar da ta yi shekaru tana ɓoye sunan garinsu, ranar sai da ta zaga teburi-teburi tana rubuta wa mutane yadda ake rubuta Hore Gudi. Washegari ta nuna wa duk abokan aikinta. 'Yarta Jannat, mai shekara bakwai, ta tafi makaranta tana ta fankama da Turancinta na 'yan Birmingham wai gidan kakarta ne. Mu da muka ce mata 'yar kan dutse, mu ne muka koma muna lallaɓa ta: "Hajon Sama, hutun summer ɗin nan fa da mu za a je." Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na wannan wata biyun ba, ni ma kuma na taya ta har zuciyata.

A can gida abin ya fi haka. Duk Asabar motoci suke hawowa, mutane su yi layi don ɗaukar hoto a ƙofar Dada. Har wani ango da amaryarsa suka zo daga Legas da kayan sawa kala huɗu. Sai ga waya daga Elnathan, shugaban ƙungiyar ci gaban garin, wanda suka yi firamare aji ɗaya da Hajo. Ina zaune a falonta ta sa shi a sifika.

"Hajo, don girman Allah a dakata da kwanon nan," in ji shi. "Mutanen nan jinka suke zuwa gani. In kika sa kwano, ɗakin ya zama irin na ko'ina. Matasanmu sun samu aikin raka baƙi, mata suna sayar da zuma da man shanu. Ki ba mu shekara ɗaya kawai."

Hajo ta dube ni. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ce, "Gaskiyarsa fa. Heritage ne, kayan tarihi, Turawan nan ma ai haka suke adana tsofaffin gidajensu." A raina kuwa hoton da zan ɗauka a ƙofar nan nake hangowa. Nan take ta kira Nazir ta ce a sallami kafinta.

Ba wanda ya tambayi Dada. Ita ma ba ta ce uffan ba, kuma a nan ne muka tafka kuskuren. Hajo ce 'yar fari, Dada kuwa Bafulatana ce ta ainihi. Ba ta taɓa kiran sunan Hajo ba, ba ta taɓa kallon ta ido cikin ido ta yi mata magana ba, balle ta roƙe ta wani abu. In tana da saƙo, sai ta ce wa Nazir, "Ka gaya wa waccan ta Ingila." Hajo ta fi kowa sanin haka, amma daɗin suna ya rufe mata ido, ta ɗauki shirun uwarta a matsayin amincewa.

Wata Lahadi da hantsi a watan Afrilu, na shiga na tarar Jannat tana hira da kakarta ta bidiyo. Da jika ai ba kunya, Dada sai tsokanar ta take tana ce mata Baturiya. Hajo tana kicin tana yanka albasa. Sai yarinyar ta ɗaga murya.

"Mummy, mene ne wannan sound ɗin a ɗakin Dada? Yana ta ting, ting, ting."

Wuƙar ta tsaya. Hajo ta fito a hankali ta karɓi wayar, ta ce Nazir ya juya mata ɗakin. Ga tasa, ga bokiti, ga tukunya, har da robar wanki. Na ga leɓenta yana motsi tana ƙirgawa. Tara ne yanzu. An ja gadon Dada zuwa lungu, an rufe ƙafarsa da leda. Ta taga kuma ana hango fallayen kwano jingine a waje, ruwa yana wanke su.

Hajo ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai. Ni kuwa kunya ta hana ni ko ba ta haƙuri.

A ranar ta kira Elnathan. Mutumin kirki ne, kuma da dabararsa. Ya ce to a sa kwanon, amma a shimfiɗa ciyawa a kansa, Dada ta kwana a bushe, baƙi su samu hotonsu. Muka ce madalla, an raba gardama. Amma wannan karon Hajo ta ce a'a, sai an tambayi mai ɗakin.

Da yamma Nazir ya kawo amsa, yana dariya har yana ƙwarewa. Dada ta ce, "Ka gaya wa waccan ta Ingila, shekara arba'in ina jin ruwa a cikin tasa. Yanzu a sama nake so in ji shi. Kada a rufe mini shi da ko tsinke ɗaya. Ina so wanda ya tsaya a bakin rafi ya hango ƙyallinsa, ya san gidan nan yana da 'ya."

Shi ke nan. Da aka samu kwana biyu ba hadari, kafinta ya hau. Elnathan ya yi 'yan gunaguninsa, sannan ya tara matasa aikin gayya, suka kwashi tsohuwar jinkar suka gina sabon ɗaki a bakin titi don masu hoto. Har yau ba baƙon da ya gane bambanci, wasu ma cewa suke wannan ya fi kyau don ba sai an taka laka ba.

Kwana biyar bayan haka muna cikin bas ni da Hajo a Stratford Road, mun dawo daga cefane, sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta dube ni, ta sake dubawa. Lambar Dada ce. Nazir ya daɗe da saya mata ƙaramar waya, amma ba ta taɓa kiran Hajo da ita ba.

Ta ɗauka. Ba sallama, ba gaisuwa, sai wata irin ƙara kamar ana juye buhun gero a kan faranti. Ruwa ne yake dukan kwano da ƙarfinsa. Hajo ta danna sifika, duk bas ɗin suka waiwayo. Wani dattijo Bapakistane ya tambaya ko lafiya. Ta ce masa da Turanci, tana dariya hawaye na zuba, "Rufin ɗakin mahaifiyata ne!" Bai gane komai ba, amma ya ce masha Allah.

Can cikin ƙarar, wataƙila don tana zaton ruwan zai rufe muryarta, sai muka ji tsohuwar ta ɗaga murya.

"Hajo! Kina ji?"

Shekarar Hajo talatin da shida a duniya, ranar ta fara jin sunanta a bakin uwarta. Sai kai take ta gyaɗa wa wayar. Ni na sunkuya na ce, "Tana ji, Dada, tana ji." Sai da muka wuce tasharmu da uku kafin ɗayanmu ta tuna da danna ƙararrawa.