Gaisuwar Baba Iliya a Lasifika

Minti uku kacal jami'in ofishin jakadanci ya ce zai saurare mu. Mun taru ne a ƙofar ofishin jakadancinmu a Washington, muna neman a saki wani malamin makaranta da aka tsare a gida saboda rubutunsa.

Sati guda na yi ina tsara jawabi. Kafin in buɗe baki, Baba Iliya direban tasi ya karɓe lasifikar, wai ba a fara magana babu gaisuwa.

Ina kwana, ina gajiya, ya sanyi, har da ciwon ƙafar surukin jami'in! 'Yan sanda suna kallo, ni kuwa takaici kamar ya kashe ni.

"Ya yara?" in ji Baba.

"Lafiya lau, yanzu na kai su makaranta."

"Madalla. To na Malamin da aka tsare fa, wa ya kai su yau?"

Sai jami'in ya miƙo hannu biyu ya karɓi takardar kokenmu.

Jawabina yana aljihu har yanzu. Jama'a, in karanta muku ne, ko in naɗe tsire da shi?