Yayar Wuta

Jidda ba ta taɓa ƙin ayaba ba. Ranar nan na ɓare mata, na miƙa, sai ta dube ta kamar ba ta san ko mece ce ba, ta ɗora kai bisa cinyata ta lumshe ido. Ƙarfe uku da rabi ne na yamma, amma waje ya soma duhu, domin haka ranar garin nan take a lokacin sanyi, ba ta daɗewa. Ni ma kaina yana sara tun azahar, zuciyata na tashi. Na ɗauka gajiya ce. Na ce, "Jidda, ke, tashi ki ci." Ta buɗe ido rabi ta mayar. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya ko na minti biyu, wadda ta karya mani cokali uku a wata guda, ita ce kwance lakwas kamar jiƙaƙƙen zane.

Shekararmu ɗaya da rabi a wani gari na arewacin Ingila. Bashir, maigidana, karatu ya kawo shi, yana kuma aiki a gidan kula da tsofaffi. Da duhu yake fita, da duhu yake dawowa. Ni da Jidda muke wuni a ɗakuna biyu a saman bene. Kafin mu je shago sai na saka mata riga uku, wando biyu, safa, hula, da ƙatuwar rigar sanyi, ina gama ɗaure takalmi ta ce za ta yi kashi. Wanki ba ya bushewa. Shinkafa na hucewa kafin a kai loma ta biyar. Akwai makon da ban yi magana da wani babba ido da ido ba in ban da Bashir, shi ma yana amsa mani ne yana gyangyaɗi. A ƙasanmu wata tsohuwar Baturiya ce da karenta. Kullum tana ɗaga mani hannu, sau biyu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da wani abu a faranti, ban buɗe ba. Karen nake gudu, da kuma Turancina, wanda na ci jarrabawa da shi a garin Isa amma ya ƙi biyo ni nan.

A makon da abin ya faru ne na'urar ɗumama gidan ta mutu. Mai gidan da muke haya ya ce gobe, gobe ta zo ya ce jibi. Kwana uku Jidda na barci da rigar fita waje, hancinta na zuba. A rana ta ukun na tuna da ragowar gawayin da Bashir ya gasa nama da shi a babbar salla. Na hura shi a tsohuwar tukunyar ƙarfe, na ɗora bisa faifan tanda a tsakiyar ɗaki. Akwai wani ɗan farin abu a bango mai tsala ihu duk lokacin da na kunna turaren wuta, tun tuni na cire masa batir don kar maƙwabta su ji. Na ja tagogi na kulle. Iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, na naɗe tawul biyu na toshe. Ɗakin ya yi ɗumi, babu ko hayaƙi. Har na yi murmushi, na ce yau kam na yi irin ta Inna Kulu.

Inna Kulu kakata ce, uwar babana, sunanta Jidda ta ci. A ƙauyenmu Tsamaye, in an gama kai gero rumbu, sanyi ya taso daga fadama, ɗakinta muke taruwa bayan isha'i, mu jikoki bakwai ko takwas. Kaskonta na tsakiya cike da garwashi, mun binne gyaɗa da dankali cikin toka, kowa ya sa ido kan nasa don Rabi, ɗiyar baffana, ba ta san naka ba. Inna na gefe da mazarinta tana kaɗi, goro a kunci. Abu ɗaya ke haɗa mu faɗa da ita. Duk tsananin sanyi sai ta tokare ƙyaure da wani tsohon takalminta, ta bar kafa kamar faɗin tafin hannu. Wanda ya zauna daidai wurin ya shiga uku. In kuma za a kwanta, da kanta take ɗaukar kaskon ta kai waje, muna ji muna gani.

Wata rana Rabi ta miƙa ƙafa a hankali ta ture takalmin. Inna ba ta ko ɗago kai ba, sai jin mafici muka yi a ƙeyar Rabi.

"Wa ac ce ki rufe ma baƙuwata hanya?"

"Inna, ɗari muka ji. Ke kin tsufa, hwatarki ta mutu, ba ki jin komi."

"Hwatar uwaki ta mutu. Mai da takalmin nan, in ba ku labarin wadda ta hi ki wayo."

Muka gyara zama. Ita ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ga ta nan tahe, ta sha ruwa a gidanku." Mu kuma mu ce, "Ta sha ta ba mu saura."

Wai a zamanin da, Wuta ba ta zama a ɗaki, a daji take da yayarta Iska. Sai wata mata ta je ta roƙe ta ta zo ta zauna da ita, don sanyi ya hana ɗiyarta barci. Wuta ta yarda, amma da sharaɗi guda: ita ba ta kwana inda yayarta ba ta iya leƙo ta. Matar ta ce wannan ai ba komi ba ne. To, da Wuta ta tare, sai maƙwabta suka soma zuwa da tsingaro suna ɗiban garwashi. Akwai wata tsohuwa ma da ba ta fashi, kullum da asuba tana bakin ƙofa. Matar ta gaji. Ta ce ita ta sha wahalar zuwa daji, ɗumin nata ne. Ta kwaɓa laka ta liƙe taga. Ta liƙe ramin ɓera. Ta shigo da kazarta da ɗan akuyarta da ɗiyarta, ta ja ƙyaure, ta liƙe ƙasansa.

A nan Inna takan ajiye mazari, ta rage murya.

"Kun ɗauka Wuta ta yi hushi ta ƙone ɗakin? A'a. Wuta ɗiyar mutunci ta. Ba ta ce uffan ba. Ajiyar zucciya kawai ta dinga yi, tana kewar yayarta. Ita ko ajiyar zucciyar Wuta ba a ganinta, ba a jin warinta. Kwana taka sawa, mai daɗi. Kaza ta hwara gyangyaɗi. Sannan ɗan akuya. Sannan yarinya. Ƙarami shi ka hwarawa, ku riƙe wannan."

Uwar ma ta ji kanta ya yi nauyi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Da asuba tsohuwar nan ta zo da tsingaronta, ta yi sallama uku shiru, ta ɗauki taɓarya ta fasa ƙyauren. Iska ta faɗa ɗakin a guje tana marin kowa. Uwar ta farka, yarinyar ta farka, ɗan akuya ya yi atishawa ya miƙe.

"Kazar hwa, Inna?" in ji Rabi.

"Kaza ta tahi."

"An ci ta?"

"Mushe za a ci, ke mayyar nama? Tashi ki ba ni wuri, ta koma inda ta hito."

Muka yi ta dariya, muka tono gyaɗarmu. Ni dai abin da na ɗauka a lokacin shi ne tatsuniyar rowa ce, an yi ta don a hana mu hana maƙwabta wuta. Daga baya ma na daina tunaninta. Shekarun da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukanmu, muka kwashe muka koma Isa, babu mai sake barin kafa a ƙofa. Sakata biyu muke sawa, mu jingina turmi. A nan Inna ta rasu, a ɗakin haya mai ƙofar ƙarfe. Ina jin tun daga lokacin hannuna ya saba, duk inda na shiga sai na rufe, na sake dubawa.

Ina zaune da kan Jidda bisa cinyata, idona ya sauka kan tukunyar garwashin, ya sauka kan tawul ɗin da ke ƙasan ƙofa. Ni ma a lokacin abin da nake so kawai in ɗan kishingiɗa. Sai na ji muryar, da goron a kunci, kamar tana bayana: ƙarami shi ka hwarawa.

Na yunƙura, ƙafafuna suka ƙi. Da rarrafe na kai ƙofa, Jidda a kafaɗa, na fizge tawul, na murɗa makulli. Sanyin matakala ya doki fuskata. Zan faɗi gaskiya a nan ko da ba ta yi mani kyau ba: a kan matakalar na tsaya. Matanmu da ke ƙasar nan sun sha faɗa a waya cewa kar ka bari hukuma ta shigo maka gida, in suka ga kuskure ɗaya ɗauke yaro suke yi. Na tsaya ina wannan lissafi da ɗiyata a hannu tana lilo. Ban san ko daƙiƙa nawa ba ne. Har yau su ne ke hana ni barci.

Na sauka da gindi, mataki bayan mataki, na dinga dukan ƙofar tsohuwar da tafin hannu. Karen ya yi haushi. Ta buɗe da tabarau a goshi. Duk Turancin duniya ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne gawayi, ɗaki, yarinya. Ta dubi Jidda, ta dubi saman bene, ba ta tambaye ni komi ba. Ta tura mu bakin ƙofar waje inda iska ke kaɗawa, ta yafa mana bargo mai warin kare, tana magana a waya da ɗaya hannun. Ta dinga murza ƙafar Jidda tana kiranta da wani suna nasu na lallashi. Jidda ta yi amai a kan silifas ɗin tsohuwar. Matar ta ce, "Yauwa, yi abinki, 'yar albarka," ko dai abin da ya yi kama da haka a bakinsu.

A asibiti suka sa mana abin shaƙar iska ni da ita, suka ɗebi jini. Bashir ya iso da rigar aikinsa, ko rigar sanyi bai tsaya ɗauka ba. Bai yi faɗa ba. Ya zauna ya riƙe ƙafar Jidda, can ya ce, "Ni na bar gawayin nan a gidan." Na ce, "Ni na hura." Wata mata ta zo da takarda tana tambayoyi: kwana nawa babu ɗumi, wa ya cire batir, me ya sa. Na faɗa mata duka, ina kallon alƙalaminta, ina jiran ta ce in miƙo yarinyar.

Awa huɗu ina kwance ina kallon silin, Inna Kulu ce a raina. Ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta san sunan abin da likitoci suka ce ya shiga jininmu ba. Amma wani ya taɓa mutuwa a wani ɗaki, a wani ƙauye, tun kafin a haife ta, aka rasa yadda za a gaya wa yara, sai aka ba Wuta yaya. Ni na ɗauko kaskon na tsallaka teku da shi, na baro takalmin. Ita kuma tsohuwar da ke zuwa da tsingaro, wadda aka gaji da ita, ashe a ƙasana take shekara ɗaya da rabi tana ɗaga mani hannu.

Wajen ƙarfe takwas wata likita ta shigo, doguwa mai gajiyayyun idanu kamar nawa. Ta ce jinin ya wanke, nawa da na Jidda. Ta ce mun fito da wuri, da an ƙara awa ɗaya da wani zancen ake yi. Za mu kwana nan su sa ido, gobe mu tafi, kuma an riga an kira mai gidan kan na'urar.

Na ce, "Mu tafi da ita?"

Ta dube ni kamar ba ta gane ba. Bashir ya maimaita mata. Ta ce, "Da wa za ta tafi in ba ke ba? Ke kika fito da ita."

Ban yi kuka ba, ƙarfin yin sa ma babu. Jidda ta motsa, ta ture abin da ke hancinta, ta ce ruwa. Likitar ta fita. Bashir ya tashi zai tura ƙofar don hayaniyar masu wucewa, na ce ya dakata. Na zare takalmina ɗaya na miƙa masa.